Bayan bugun zuciya: abin da ƙarfin tafiyar majiyyaci yake nunawa game da shekarun da ke gabansa

Idan aka sallami mutum daga asibiti bayan bugun zuciya, tambayoyin da iyalinsa suke yi wa likita kusan iri ɗaya ne: me zai ci, wane magani zai sha da safe, wanne da dare, kuma yaushe za a dawo da shi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi nisan tafiyar da ya kamata ya riƙa yi a rana, domin a wurin mafi yawanmu an riga an yanke wannan hukunci tun kafin a bar harabar asibiti, cewa mai ciwon zuciya kwanciya ce tasa. Alhali kuwa cikin dukan abubuwan da likitocin zuciya suke aunawa a jikin wanda ya tsira daga wannan ciwo, kaɗan ne suka kai ƙarfin jure motsa jiki wajen nuna yadda shekaru biyar ko goma masu zuwa za su kasance masa, kuma abin da ya ƙara wa wannan ma'auni daraja shi ne yana cikin ƴan abubuwan da majiyyaci da kansa zai iya sauyawa.

Bugun zuciya yana faruwa ne sa'ad da ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da naman zuciyar kanta da jini ta toshe. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa a bangon jijiyar ba tare da mutum ya ji komai ba, sai wata rana bakin wannan tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Ɓangaren naman da ke dogara da wannan jijiya sai ya fara mutuwa cikin sa'o'i, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo ne yake maye gurbinsa a cikin makonni kamar shida. Tabo kuwa ba ya matsawa, ba ya tura jini. Wannan ciwo daban yake da shanyewar ɓarin jiki, daban yake da kumburin zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda aka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa, daban yake kuma da lalacewar ƙofofin zuciya da ke samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya. Bayanin da ke tafe ya shafi wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe ne, ko an buɗe ta da ɗan ƙarfen nan da ake zurawa, ko an yi masa tiyata, ko da magani kaɗai aka riƙe shi.

Tsoron motsi ba jahilcin mutanenmu ba ne, domin likitocin Turai da Amurka su ma a kansa suka tsaya tsawon shekaru. Daga wajen 1930 zuwa 1950 ƙa'idar ita ce a kwantar da majiyyaci makonni shida a gado, a ba shi abinci a baki, a hana shi ko juyawa da kansa, bisa hujjar cewa tabon bai yi ƙwari ba kuma duk wani yunƙuri zai iya yaga shi. A 1952 ne likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa abin da suka gani bayan sun riƙa ɗaga irin waɗannan majiyyata daga gado suna zaunar da su a kujera tun a kwanakin farko. An yi musu kallon masu ganganci, amma majiyyatan nasu ba su fi na gado mutuwa ba, kuma sun fi samun sauƙin numfashi da kwanciyar hankali.

Abin da ya fi fito da illar kwanciya fili shi ne wani gwaji da aka yi a birnin Dalas a 1966. An ɗauki samari biyar masu shekara 20, lafiyayyu sarai, aka kwantar da su makonni uku ba tare da sun taka ƙasa ba. Da aka tashe su aka auna, sai aka tarar iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita a lokacin aiki ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake nemo mutanen nan biyar aka auna su, sai ya bayyana cewa shekaru talatin na tsufa ba su rage musu ƙarfi kamar yadda makonni ukun nan na kwanciya suka rage ba. Idan haka kwanciya ta yi wa saurayi mai jini a jika, sai a ƙiyasta abin da za ta yi wa dattijo ɗan shekara sittin wanda wani yanki na zuciyarsa ya riga ya zama tabo.

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a gidajenmu na Maradi ya san yadda abin yake. An shimfiɗa wa Alhaji katifa a falo, an jera masa matasai, baƙi suna shigowa rukuni-rukuni daga kasuwa da masallaci. Da ya yunƙura zai tashi ya raka wani zuwa ƙofar gida, sai Hajiya ta ce, «Alhaji, don girman Allah ka koma ka zauna, yara za su raka shi.» Babban ɗansa ya karɓe makullin shago, ya ce, «Baba, kai dai ka huta, komai yana hannunmu.» Butar alwala ma kawo masa ake yi har inda yake, sallah kuma a zaune. Duk wannan ƙauna ce da tausayi, babu mai musu, amma bayan wata biyu mutumin da a da yake zagaya babbar kasuwa da ƙafa sai ya kasa kai kansa masallacin unguwa ba tare da haki ba, sai kowa ya ce ai zuciyar ce ta ƙara lalacewa, a ƙara tsananta masa hutu. Sau da yawa ba zuciyar ce ta ƙara lalacewa ba, cinyoyi ne da sauran tsokoki suka saki.

Ƙarfin jure motsa jiki, a wurin masana, shi ne iyakar iskar oksijin da jiki zai iya ɗauka daga huhu, ya tura ta cikin jini, tsokoki su ƙone ta a minti guda sa'ad da mutum yake aiki iya ƙarfinsa. Don sauƙin lissafi ana amfani da ma'aunin da ake kira MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ci idan mutum yana zaune shiru, wato kimanin mililita 3.5 na oksijin ga kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya. Tafiya ta yau da kullum a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kilomita biyar a awa, tana cin MET uku da ɗan wani abu. Tafiya da sauri, ko hawan bene, ko aikin fartanya, suna kaiwa huɗu zuwa shida, gwargwadon yadda aka matsa. Matashi lafiyayye yakan kai 10 zuwa 12, mai wasan guje-guje ya wuce haka nesa, shi kuwa wanda ya fito daga jinyar bugun zuciya sau da yawa tsakanin 4 da 7 ake samunsa.

Muhimmancin waɗannan lambobi yana bayyana ne idan aka gwada su da ayyukan gida. A ɗauki mutum biyu da za su yi aiki ɗaya mai cin MET huɗu, misali tafiya da ɗan kaya a hannu daga bakin titi zuwa gida. Na farko iyakarsa MET biyar, saboda haka wannan aiki ya cinye masa kashi 80 cikin ɗari na duk abin da yake da shi, zai isa gida yana haki, zuciyarsa tana dukan uku-uku, jininsa ya hau. Na biyu iyakarsa bakwai, aikin bai kai masa kashi 60 cikin ɗari ba, zai isa yana hira. Ba nauyin aikin ne ya bambanta ba, ragowar ƙarfin da kowannensu yake da shi a ajiye ne ya bambanta. Wannan ragowa ita ce kuma jiki ke komawa gare ta ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, ko ciwon huhu ya kama shi, ko aka yi masa wata tiyata, shi ya sa maganar ta wuce batun jin daɗin tafiya kawai.

Hanyar da aka fi sani ta auna wannan ƙarfi ita ce wadda Robert Bruce, wani likitan zuciya na Amurka, ya tsara a 1963. Ana ɗora majiyyaci a kan na'urar tafiya, an manna masa wayoyin ECG, wato awon da ke zana bugawar zuciya, a ƙirji, an ɗaura masa abin awon hawan jini a dantse, kowane minti uku a ƙara wa na'urar gudu da tudu har sai ya gaji, ko ƙirji ya fara yi masa nauyi, ko likita ya ga alamar da ta sa ya tsayar. A wasu wurare keke ake amfani da shi a maimakon na'urar tafiya. Ba iyakar da ya kai kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko jini ya hau yadda ya kamata ko faɗuwa ya yi, ana duba ko bugawar zuciya ta rikice, sannan ana duba saurin saukarta bayan an tsaya. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa waɗanda bugawar zuciyarsu ba ta ragu da fiye da 12 ba a minti na farko bayan tsayawa sun fi sauran haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo baya.

A 2002 aka wallafa bincike biyu da har yau ake kafa hujja da su. Na farko, wanda Jonathan Myers da abokan aikinsa suka yi a Kalifoniya, ya bi maza 6,213 da aka tura awon na'urar tafiya, masu ciwon zuciya da marasa shi, aka ga cewa duk ƙarin MET ɗaya yana tafiya da ƙarin kashi 12 cikin ɗari na damar rayuwa, kuma wannan ma'auni ya fi hawan jini da shan taba da ciwon suga nuna wanda zai riga wani rasuwa. Na biyu daga Toronto ta ƙasar Kanada ya fito, inda Terence Kavanagh ya bi maza 12,169 da suka shiga shirin farfaɗo da zuciya, ya raba su gida uku bisa yawan oksijin da suke iya ƙonawa ga kowane kilo na nauyinsu a minti ɗaya: ƙasa da mililita 15, tsakanin 15 da 22, da sama da 22. Mutuwa ta fi yawa a rukunin ƙasa, ta ragu a na tsakiya, ta fi ƙaranci a na sama, kuma ko ƙarin mililita ɗaya tak yana da tasirin da ake iya gani a lissafi.

Abin da yakan ba mutane mamaki, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne ƙarfin matsawar zuciya da ake gani a hoton eko, wato hoton da ke nuna zuciya tana motsi, ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin tafiyar mutum. Za ka samu biyu da hoton zuciyarsu ya nuna rauni iri ɗaya, ɗaya yana zuwa gona, ɗaya ba ya iya tsallaka tsakar gida. Dalili kuwa shi ne oksijin da jiki ke ƙonawa ya rataya a kan abu biyu, yawan jinin da zuciya ke turawa da kuma yadda tsokoki ke iya tatsar oksijin daga jinin da ya iso gare su. Manoman rani na Jiratawa, kusa da Maradi, sun san cewa injin ban-ruwa ɗaya zai iya shayar da fili kaɗan idan magudanai sun cushe da yashi da ciyawa, ya kuma shayar da fili mai faɗi idan an yashe su, ba tare da an taɓa injin ba. Yawancin ribar da majiyyaci ke samu a watannin farko na atisaye daga magudanan take fitowa: ƙananan jijiyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, sassan ƙwayoyin tsoka da ke ƙona oksijin suna yawaita, bangon jijiyoyi yana koyon buɗewa idan buƙata ta taso. Sakamakon haka, aikin da a da yake kai bugawar zuciya 120 a minti sai ya koma ana yin sa da 105, zuciyar da ta ji rauni ta sami rangwame a kan kowane taku. Ban da wannan, hawan jini yana ɗan sauka, suga yana daidaita, tsarin jijiyoyin da ke kwantar da bugawar zuciya yana ƙarfafa, abin da ake ganin yana rage haɗarin rikicewar bugawa mai kisa farat ɗaya.

Shirin farfaɗo da zuciya, a ƙasashen da ya kafu, yakan ɗauki kimanin makonni 12, ana zuwa sau biyu ko uku a mako, kuma ba atisaye kaɗai ya ƙunsa ba, akwai bitar magunguna, da taimakon barin taba, da koyar da abinci, da kula da damuwa. Mafi yawan waɗanda suka kammala sukan ƙara kusan MET ɗaya ko ɗan fiye. A birnin Kalgari na Kanada an bi mutum 5,641 da suka yi irin wannan shiri, aka wallafa a 2013 cewa duk MET ɗaya da mutum ya ƙara yana tafiya da raguwar mutuwa da kashi 13 cikin ɗari, kuma ga waɗanda suka fara daga ƙasa da MET biyar raguwar ta kai kusan kashi 30. Wato wanda ya fi kowa rauni, wanda iyali suka fi tsare shi a kan katifa, shi ne alƙaluma suka nuna ya fi kowa cin riba.

Sai dai a nan ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan, domin waɗannan bincike na bibiya ne, ba a raba mutane da ƙuri'a ba. Mai yiwuwa ne wanda ya iya ƙara ƙarfinsa dama can ciwonsa bai yi tsanani ba, ko ya fi kiyaye shan magani, ko ya fi samun abin hannu, saboda haka ba za a jingina duk tsawon ransa ga atisaye ba. Gwajin da ya fi ƙarfin hujja shi ne wanda ake raba majiyyata gida biyu da ƙuri'a, wasu su shiga shiri, wasu su tsaya ga kulawar da aka saba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, ta haɗa 63 a 2016, masu ɗauke da mutum 14,486, ta samu cewa mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini ta ragu da kimanin kashi 26 cikin ɗari, komawa gadon asibiti ya ragu da kimanin kashi 18, amma idan aka haɗa mutuwa ta kowane dalili ba a ga bambanci bayyananne ba. Sabuntawar 2021, mai gwaji 85 da mutum 23,430, ta ƙara da cewa sake samun bugun zuciya ma yana raguwa. Akwai kuma wani babban gwaji na Birtaniya mai suna RAMIT, mai mutum 1,813, wanda a 2012 bai ga wata riba a kan mutuwa ba, ko da yake an soke shi da cewa atisayen da aka ba mutanen bai taka kara ya karya ba.

A ganina, karatun adalci ga waɗannan hujjoji shi ne kada a yi wa kowa alkawarin ƙarin shekaru da lamba, domin ajali ba a hannun likita yake ba kuma alƙaluman kansu ba su ba da wannan tabbaci ba. Abin da suka tabbatar ya isa: ƙarancin komawa asibiti, ƙarancin sake bugun, ƙarancin mutuwa ta hanyar zuciya, da mutum mai iya yi wa kansa hidima. Ga iyalin da kwanciya ɗaya a asibiti, ko tafiya Yamai mai nisan sama da kilomita 600 don ganin ƙwararre, za ta iya cinye musu jarin shekara, raguwar komawa asibiti ba ƙaramin abu ba ne. Darasin RAMIT kuma shi ne sunan shiri ba ya warkarwa, sai an yi atisayen da ya isa ya ɗaga ƙarfin mutum a awo.

Tambayar haɗari tana nan, kuma halal ce. A Faransa an bi majiyyata 25,420 a cibiyoyin farfaɗowa na tsawon shekara guda, aka wallafa a 2006 cewa matsala mai tsanani tana aukuwa kusan sau ɗaya a cikin awa 50,000 na atisaye, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma waɗannan mutane an tantance su kafin su fara, kuma a nan ne maganar take. Wanda ƙirjinsa ke ciwo yana zaune, ko ƙafafunsa suka kumbura yana kasa kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi, ko bugawar zuciyarsa ke rikicewa ba a shawo kanta ba, ko hawan jininsa ya haura 180 bisa 110 yana hutawa, wannan ba tafiya ce ke gabansa ba, likita ne. Izinin farawa daga likitan da ya duba zuciyar yake fitowa, ba daga maƙwabci ko saƙon WhatsApp ba.

Wani ƙidaya na duniya da aka wallafa a 2019 ya samu shirin farfaɗo da zuciya a ƙasashe 111 cikin 203, kuma Afirka kudu da Sahara tana cikin yankunan da ya fi ƙaranci. Wannan bai rufe ƙofa ba, domin gwaje-gwajen da suka kwatanta shirin da ake yi a cibiya da wanda ake yi a gida ƙarƙashin jagorancin ma'aikacin lafiya sun samu sakamako kusan ɗaya ga majiyyatan da ciwonsu ya lafa. Awon ma yana da sigar da ba ta buƙatar na'ura, wato gwajin tafiyar minti shida. Ana samun baranda ko fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 30, a ajiye kujera a kowane ƙarshe, a auna bugawar zuciya da hawan jini, sannan a ce wa majiyyaci ya yi ta kai da komowa iya saurin da zai iya ba tare da gudu ba. Ma'aikacin jinya yana tsaye da agogo yana ƙirga zagaye, ba ya tafiya tare da shi don kada ya ja shi ko ya rage masa sauri, idan ya gaji yana iya jingina da bango amma agogo ba ya tsayawa. Da minti shida suka cika a auna mitocin, a rubuta a katinsa tare da kwanan wata. Wanda bai kai mita 300 ba yana cikin masu rauni sosai, kuma ƙarin mita 30 zuwa 50 bayan wata uku ci gaba ne na gaske. Babu asibitin gunduma daga Madarunfa zuwa Dakoro da zai rasa baranda da agogo, kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo za su iya koyon wannan awo a yini guda.

Game da yadda ake farawa a gida, ƙa'idar ita ce sannu ba ta hana zuwa. Minti biyar zuwa goma sau biyu a rana a makon farko, a riƙa ƙara ƴan mintoci kowane mako, har a kai rabin awa ko fiye a mafi yawan ranaku, wanda ya yi daidai da minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kowace tafiya a fara ta a hankali, a kuma ƙare ta a hankali, kada a tsaya cak. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya yake iya fitarwa, ya wuce gona da iri. Wannan ma'auni ya fi ƙirga bugawar zuciya amfani ga mafi yawan majiyyata, domin magunguna irin su bisoprolol da atenolol da ake ba su suna danne bugawar da gangan, kuma wanda ya dage sai ya kai wata lamba da ya gani a intanet zai wahalar da kansa a banza. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, jiri, gumi mai sanyi, duk alamun tsayawa ne nan take, kuma idan ba su wuce da hutun ƴan mintoci ba sai asibiti. Masu ciwon suga su ƙara lura, domin nasu yakan zo ba ciwo, sai haki da kasala kawai.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jiki yana karkatar da jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zuciya tana ƙara aiki tun kafin a ɗaga ƙafa, ga kuma masu shan maganin fitar da ruwa da ke saurin bushewa. Bayan sallar asuba ne lokacin tafiya a irin waɗannan watanni, ko bayan isha'i inda akwai haske. Hanyoyin unguwa masu zurfin yashi sun fi daɓe cin ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka minti goma a cikin rairayi ba daidai yake da minti goma a bakin kwalta ba. Azumi kuma, ga wanda bugun bai daɗe da samunsa ba, magana ce da za a yi da likita tun kafin watan ya kama, saboda lokutan shan magani da ƙishirwa.

Akwai masu cewa su ba sa buƙatar wani atisaye tunda manoma ne ko masu aikin ƙarfi. Aikin gona motsa jiki ne, amma siffarsa daban ce: watanni ana zaune, sai ruwan farko ya sauka a fita shuka da noma daga safe har azahar, a sunkuye, cikin rana, da gaggawar kada ƙasa ta bushe. Ɗaga buhun gero ko tura babur da ya mutu, inda mutum ke riƙe numfashi yana nishi, yana harba hawan jini sama cikin daƙiƙa. Irin wannan yunƙuri na farat ɗaya a jikin da bai saba ba shi ne aka fi danganta shi da tayar da bugun zuciya, kuma tafiyar kullum ce take rage wannan haɗari. Awon ƙarfi yana taimakawa wajen amsa tambayoyin da majiyyata ke jin nauyin yi. Kusantar iyali tana cin kimanin MET uku zuwa biyar, saboda haka wanda ke hawan bene hawa biyu ko tafiya da sauri ba tare da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ba galibi ba shi da abin tsoro, sai dai maganin ƙarfin maza irin sildenafil haramun ne a likitance ga mai shan maganin ƙirji na nitrat, domin haɗuwarsu tana iya kayar da jini ƙasa warwas. Mai niyyar Hajji ko Umra ya sani cewa sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da cunkoso, kuma watannin da ke gaban tafiyar su ne lokacin gina wannan ƙarfi.

Mata sun fi shiga matsala a wannan fanni. Ko a ƙasashen da shirin ya wadata ba a tura su kamar yadda ake tura maza, kuma sun fi yawan barinsa a tsakiya. A nan kuma dattijuwar da ta yi bugun zuciya sau da yawa surukai da jikoki sun karɓe mata duk aikin gida, fita kuma sai biki ko gaisuwar mutuwa, a kan babur ko a mota. Zagayen tsakar gida da agogo a hannu, ko tafiya da maƙwabciya zuwa makarantar islamiyya, yana iya zama shirinta. Haka nan kimanin mutum ɗaya cikin biyar yakan faɗa baƙin ciki mai tsanani bayan bugun zuciya, ya daina sha'awar fita da cin abinci da hira, kuma irin waɗannan sun fi barin magani da motsi. Wanda aka karɓe masa shago da makulli da sunan hutu yana cikin wannan haɗari fiye da yadda ƴaƴansa suke zato.

Tafiya ba ta maye gurbin aspirin da maganin rage maiƙon jini da na hawan jini, kuma mai jin ya warke har ya ajiye su ya rushe abin da ya gina. Barin taba kaɗai, bisa tattara bincike da aka wallafa a 2003, yana tafiya da raguwar mutuwa da kimanin kashi 36 cikin ɗari ga masu ciwon jijiyoyin zuciya, shisha ma taba ce. Gishiri kada ya wuce giram biyar a rana, kuma dunƙulen miya da yajin tsire suna cikin lissafin.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa, domin ƙarfin da aka tara a wata uku yana fara zubewa cikin ƴan makonni idan aka daina. A Suwidin an bi mutum 22,227 bayan bugun zuciya, aka tambaye su yawan motsinsu a makonnin farko da kuma bayan kusan shekara guda, aka wallafa a 2018 cewa waɗanda suka ci gaba da motsi su ne suka fi ƙarancin mutuwa, waɗanda suka fara a makare sun bi bayansu, waɗanda suka fara suka rage sun samu wani abu, su kuwa waɗanda ba su motsa ba tun farko har ƙarshe su ne suka fi mutuwa. Saboda haka yana da kyau a maimaita gwajin minti shida duk bayan wata shida ko shekara, a baranda ɗaya, a rubuta a kati ɗaya. Idan mitocin suka ragu alhali mutum bai daina tafiyarsa ba, ko tazarar da ya saba yi cikin sauƙi ta fara sa shi tsayawa a hanya, wannan dalili ne na komawa wurin likita kafin ranar da aka ba shi, domin sabuwar toshewar jijiya, ko ƙarancin jini, ko ruwa da ya fara taruwa a huhu sukan fara bayyana a tafiya tun kafin su bayyana a zaune.